Wasiƙa Zuwa Ga Abba, Kan Wani Mai Jita Da Ya Tsaya A Baya

Abba,

Na ba Ummanka wannan takarda ta sa maka a ƙasan jaka, na kuma ce kada ta faɗa maka, don na fi so ka tsince ta bayan ka huce. Ta gaya mini abin da ya shiga tsakaninka da maigidan naka. An buga hoton wasa da sunansa shi kaɗai, an saki waƙar da kai ka ɗora mata salon jita, ko a ƙasan bidiyon ba a rubuta sunanka ba. Ta ce ka yi rantsuwa daga wannan tafiyar kun rabu. Ba zan ce ka zauna ba, ba kuma zan ce ka tafi ba, ka wuce wannan lokacin. Labarin wani mutum nake so in ba ka, kuma ka san ni, doguwar magana da kai a baki ba ta zo mini da sauƙi.

Sunansa Hubert Sumlin. Ba na jin ka taɓa jin sunan, amma hannunsa ka sha ji tun kana rarrafe, domin shi ne mai jitar da ke cikin kaset ɗin nan da nake sawa in ina goge takalma ranar Asabar, wanda Ummanka ke cewa mai waƙar kamar ya haɗiyi tsakuwa. Mai waƙar shi ne Howlin' Wolf, sunansa na yanka Chester Burnett. Mai jitar da ke bayansa sama da shekara 20, shi ne Hubert.

An haife shi a 1931 a garin Greenwood na jihar Misisipi a Amurka, ya tashi a Hughes ta jihar Arkansas, ƙasar gonakin auduga, inda baƙar fata ke noma ƙasar wani a raba amfani, kuma rabon kullum ya zo da gardama. Yaran wurin kan ɗaure waya a jikin bangon katako, su cusa kwalba a ƙarƙashinta ta ɗame, su yi ta kaɗawa. Da irin wannan ya fara. Jitarsa ta farko mahaifiyarsa ce ta saya masa yana ɗan shekara takwas ko kusa da haka, kuma in ji shi, kuɗin aikinta na mako guda ta kwashe kaf ta biya. Mace ce mai riƙo da addininta, ba mai son kiɗan gidajen rawa ba, amma ta ga abin da ke idon yaron ta saya. Ka riƙe wannan matar a ranka, zan dawo kanta.

Labarin haɗuwarsa da Wolf shi da kansa ya sha ba da shi har tsufansa. Yana yaro ya sulale daga gida da dare ya tafi gidan rawan da Wolf ke wasa. Ba a barin yara su shiga, sai ya tara akwatunan lemo a bakin taga ya hau yana leƙe. Akwatunan suka zame, ya faɗo ciki. Mai gidan ya zo zai fitar da shi, Wolf ya ce a bar shi, ya sa aka ajiye masa kujera kusa da makaɗa. Da aka tashi ya kai shi har gida, ya roƙi uwar kada ta doke shi. Wolf ƙato ne, tsayinsa ya haura ƙafa shida, murya kuma ka ji ta. Ka ƙiyasta wannan mutum tsaye a ƙofar gida cikin dare yana ba da haƙuri a madadin yaron da bai sani ba. Shekara 21 ke tsakaninsu.

Hubert ya girma, ya yi wasa tare da abokinsa James Cotton mai busa hamonika a yankin West Memphis. Shi kuwa Wolf ya bi sahun miliyoyin baƙar fata da suka bar kudu suka nufi biranen arewa, ya koma Shikago, inda kamfanin Chess na 'yan'uwa biyu, Leonard da Phil, ke buga faya-fayensa. A 1954 ya aika Hubert ya biyo shi. Da ya zo ba shi ne babban mai jita ba. Akwai Jody Williams, akwai Willie Johnson, duk sun riga shi. A bayan na baya ya fara, yana riƙe musu ƙasan kiɗa.

Bari in ɗan tsaya kan Wolf, don in ba ka san maigidan ba, ba za ka gane yaron ba. Mutum ne mai tsanani. Ba ya yarda a sha a kan dandali, ba ya yarda a makara, yana son kowa ya zo da tsaftatacciyar shiga, wanda ya saɓa a yanke masa kuɗi. Amma yana biya, kuma a kan lokaci, a sana'ar da cin haƙƙin makaɗa ya zama ruwan dare. Har kuɗin inshorar rashin aiki da na tsufa yake cire wa yaransa ya biya wa hukuma, abin da kusan babu shugaban ƙungiyar kiɗan blues da ke yi a zamanin. Shi da bai samu karatu yana yaro ba, da girmansa ya koma aji ya koyi karatu da rubutu da lissafin kasuwanci, matarsa Lillie kuma ta riƙe masa littafin kuɗi. Shi ya tura Hubert makarantar koyon kiɗa a Shikago, ya je ya koyi matakan sauti da karanta su a takarda. In za ka auna naka maigidan, da wannan mudun nake so ka auna shi: yana biyanka yadda kuka yi? Ya taɓa kashe ko sisi don ka ƙaru? Hoton bango abu ne, amma ba shi ne farkon tambaya ba.

Abin da ya mayar da Hubert Hubert, wulaƙanci ne ya kawo shi. Yadda ya faɗa, Wolf ya gaji da yadda yake kiɗa da ƙarfi yana hawa kan muryarsa, ya kore shi a gaban jama'a, ya ce ya je gida ya ajiye 'yar robar da ake kaɗa tsirkiya da ita, kada ya dawo sai ya iya da yatsunsa. Wani da ya tafi ya tafi ke nan, ya yi ta yawo yana ba da labarin mugun maigida. Shi ya koma ɗaki ya zauna da jitarsa. Da fatar yatsa kana iya jan tsirkiya ka sake ta ta yi ƙara kamar an tsinke ta, kana iya shafa ta ta yi taushi, kana iya kashe sautin nan take. Daga nan ya samo muryar da babu mai irinta. Ba ya jero sauti da yawa. Yana jira Wolf ya ja numfashi, sai ya shigo da uku ko huɗu masu kaifi, wani lokaci ta inda ba ka zata ba, ya zame sama, ya faɗo ƙasa, ya yi shiru. Kamar ɗan acaɓa a cunkoson motoci yake, ya hango 'yar kafa ya shige ya fice kafin ka ankara, kuma bai goge kowa ba.

Na san za ka ce ai shi ma ya taɓa tafiya, in ka bincika za ka gani, don haka gara ka ji daga bakina. A 1956 Muddy Waters, babban abokin hamayyar Wolf a Shikago kuma a kamfani ɗaya, ya yi masa tayin kuɗin da ya ninka nasa, ya bi shi. 'Yan watanni ya yi. Tafiye-tafiyen suka yi masa yawa, zaman bai yi daɗi ba, ya kira Wolf a waya, Wolf ya karɓe shi. Ban ga laifin tafiyar ba. Saurayi ne ɗan shekara 24 ko 25, an nuna masa kuɗi. Abin da ya burge ni shi ne bai ƙone gadar da ya bi ya fita ba, kuma da ya ga bai dace ba girman kai bai hana shi komowa ba. Kada kuma ka ɗauka zaman nasu na lallashi ne. Sun sha faɗa, faɗa na gaske da hannu, har haƙora sun zuba, shi da kansa yake ba da labarin yana dariya. An kore shi ba sau ɗaya ba. Ba na yaba wannan, kuma duk wanda ya ɗaga maka hannu a wurin aiki ka bar masa aikinsa a ranar. Ina dai gaya maka ne don kada ka zaci wani ya taɓa samun maigida marar aibu.

To ga abin da zaman ya haifar. Ka nemi waɗannan ka saurara da abin sawa a kunne, ba ta lasifikar waya ba. “Smokestack Lightning” ta 1956, inda jita ke maimaita salo ɗaya tun daga farko har ƙarshe ba ta gaji ba, ba ta kuma gundure ka ba. “Shake for Me” da “Goin' Down Slow” da “I Ain't Superstitious” na 1961. A “Goin' Down Slow” ka lura da yadda jitar ke amsa wa masu magana biyu, Wolf na waƙa, Willie Dixon marubucin waƙoƙi a Chess na zance, shi kuma yana tsakani yana ƙorafi da tsirkiya. “Hidden Charms” ta 1963 waƙa ce marar nauyi, Dixon ya rubuta ta don nishaɗi, amma inda aka sakar wa Hubert fili a tsakiya, ni dai ban san wani wuri da jita ta yi murna haka ba. Sai “Killing Floor” ta 1964, wadda shi ke buɗe ta. Da yawa daga cikin na farkon shekarun 1960 an tattara su a faifan da ya fito a 1962, wanda ake gane shi da hoton kujera mai lilo da jita a jingine a bangonsa. A kan ƙananan faya-fayen Chess, abin da ake bugawa shi ne sunan waƙa, sunan wanda ya rubuta, da sunan mawaƙi. Mai jita, mai ganga, mai fiyano, an biya su kuɗin zaman ranar, shi ke nan.

Sannan aka zo aka ci kasuwar a wani wuri. Samarin turawan Ingila suka samu faya-fayen nan suka haddace su. A Disambar 1964 Rolling Stones suka kai “Little Red Rooster” matsayi na ɗaya a Ingila. Cream, ƙungiyar Eric Clapton, suka ɗauki “Spoonful”. Jeff Beck ya ɗauki “I Ain't Superstitious”. Jimi Hendrix, shi baƙar fatar Amurka ne amma a Landan ya fara tashe, da “Killing Floor” ya buɗe wasansa a bikin Monterey a 1967. Led Zeppelin suka gina “The Lemon Song” a kanta a 1969, sai da aka kai maganar kotu kafin a sa sunan Wolf. Sunan Wolf, ka ji, tunda shi ne a rubuce a matsayin mai waƙar. Salon jitar da kowa ke kwaikwaya ba shi da takarda. Waɗannan suna cika filayen wasa na dubban mutane, shi kuwa mai salon yana kiɗa a ƙananan mashayu na yammaci da kudancin Shikago har tsakar dare. Wuraren ma, in faɗa maka gaskiya, ba irin waɗanda zan so in gan ka a ciki ba ne.

Ana cewa mahaƙurci mawadaci. A lahira ban yi musu ba. A nan duniya kuwa Hubert bai wadata ba, kuma ba zan yaudare ka da karin magana ba.

Amma waɗanda suka san aikin sun san shi. A 1964 ya bi Wolf zuwa Turai cikin ayarin da ake kira American Folk Blues Festival, kuma a wannan tafiyar, a Balin ta Gabas, can bayan katangar 'yan gurguzu, aka fara ɗaukar sauti da shi a gaba, tare da Willie Dixon da Sunnyland Slim mai fiyano. A 1970 aka shirya Wolf ya je Landan ya yi faifai da taurarin can, Clapton da Bill Wyman da Charlie Watts na Rolling Stones. Kamfani bai yi niyyar biyan kuɗin jirgin Hubert ba, tunda ga Clapton. Clapton ya kafe sai an zo da shi. Aka zo da shi, ya zauna yana riƙe wa Clapton ƙasan kiɗa a waƙoƙin da shi ya ƙirƙiro musu salo. Na daɗe ina tunanin wannan zama. Ban san yadda zuciyata za ta ɗauka ba in ni ne.

Ko kuwa na sani. Ka san aikin da na yi har na yi ritaya: ina bayan gilashi a gidan rediyo, hannuna a kan na'ura, wasu na magana ana jin su a ƙasa baki ɗaya. A can ɗakin ajiyar faya-faye na ci karo da Wolf, cikin waɗanda ba mai taɓawa. Mai gabatarwa zai gama shiri ya gode wa masu saurare, ya gode wa baƙo, wani lokaci har direba, ya manta wanda ya hana muryarsa shaƙewa. Akwai wani da ya fi kowa wannan hali. Wata rana ana shiri kai tsaye na ji sautinsa ya fara dusashewa, na san abin da zan murɗa, na naɗe hannu na bar shi haka har aka kusa gamawa. Aka kira shi ofis aka yi masa faɗa, aka ɗora wa tsohuwar na'ura sauran laifin. Ba wanda ya sani, har Ummanka sai yanzu in ka nuna mata. Ban ji daɗin da na zata zan ji ba. Abin da ya fi wannan muni shi ne ragowar haushin gida nake kawo shi. Ku kuka sha shi, ku da ba ku yi mini komai ba. In na shigo kuka yi tsit, ni a lokacin ɗauka nake tarbiyya ce.

Shi ya sa da Ummanka ta kwatanta mini yadda ka yi magana a kan maigidan naka, ba rashin sunanka a hoto ne ya tayar mini da hankali ba. Muryata na ji a bakinka. Kana da gaskiya a ƙorafinka, ni ma ina da gaskiya a nawa, kuma gaskiyar ba ta hana ni zama mutumin da 'ya'yansa ke gudun takunsa ba.

Duk wanda ya yi mu'amala da Hubert ya ba da shaida iri ɗaya: mutum ne mai fara'a, mai sauƙin kai, mai son ba da labari, yana nuna wa yara yadda ake kama tsirkiya ba tare da rowa ba. Ka nemi bidiyonsa na tsufa ka kalli fuskarsa in wani yana kiɗa kusa da shi. Murmushi yake, yana gyaɗa kai, kamar shi aka yi wa kyauta. Mutumin da aka kwashi salonsa aka yi arziki da shi ke nan. Ban san inda ya kai nasa haushin ba, don ba na shakka ya ji shi, ɗan Adam ne. Amma bai bar shi ya zauna masa a fuska ba, bai kuma bar shi ya shiga hannunsa ba. Mai jin haushin mawaƙi ba zai iya yi masa irin kiɗan nan ba, domin kiɗan gaba ɗaya sauraro ne. Sai ka so muryar ta fito kafin ka san inda za ka kauce mata.

Na ce zan dawo kan mahaifiyarsa. Shi Wolf tasa uwar ba haka ta yi ba. Tun yana yaro ta kore shi daga gida, kuma har ya yi suna ba ta yafe masa kiɗan da take kira na shaiɗan ba. Ya taɓa haɗuwa da ita a Misisipi bayan ya samu duniya, ya ba ta kuɗi, ta watsar a ƙasa. Ƙaton nan ya koma mota yana kuka. Ina ganin wannan ne ya sa ya riƙe yaron wani kamar nasa, da tsananinsa da komai. Uwa biyu, duka masu tsoron Allah, ɗaya ta sayi jita, ɗaya ta watsar da kuɗi. Da ka fara kawo jitar aro gidan nan, ka san wacce na fi kama da ita. Na ce gidanmu ba a roƙo. Na faɗa a gaban ƙannenka. Mutumin da ya cika kwali da kaset ɗin makaɗan wata ƙasa, ya hana ɗansa abin da yake sha'awa a hannun 'ya'yan wasu. Na fake da cewa kai ɗan fari ne, sunan mahaifina gare ka, akwai kunya a tsakani, ba a yabon ɗan fari. Kunya gaskiya ce, amma ba ta ce a yi gori ba. Kuɗin jitarka ta farko Ummanka ce ta fitar daga adashinta, na sani tun ranar, na yi kamar ban sani ba.

Wolf ya yi haɗarin mota a 1970 wanda ya taɓa masa ƙoda, ga ciwon zuciya. Shekarunsa na ƙarshe ana yi masa wankin ƙoda yana fita wasa, yaransa na lura da shi kada ya wuce ƙarfinsa. Ya rasu a Janairun 1976. Hubert ya daɗe bai dawo daidai ba. Ya ci gaba da sauran 'yan ƙungiyar ƙarƙashin Eddie Shaw mai busa saksofon, da sunan Wolf Gang, na 'yan shekaru, sannan ya kama gabansa.

A nan zan faɗi ra'ayina, kana iya saɓa mini in ka saurara. Ya yi faya-faye da sunansa: My Guitar and Me a Faransa a 1975, Hubert Sumlin's Blues Party a 1987, Heart & Soul a 1989, Healing Feeling a 1990, I Know You a 1998, da wasu. Akwai daɗi a cikinsu, hannun na nan. Amma muryarsa ƙarama ce, ba ta ɗaukar waƙa ta kai ta inda Wolf ke kai ta, kuma in babu wannan babbar muryar da zai yi wa amshi, sai jitar ta zama kamar tana neman abokin zance. Babu ɗaya a cikinsu da ya kai minti uku na “Killing Floor”. Sunansa ya hau bango, aikinsa mafi kyau kuwa yana can inda ba a rubuta sunan ba. Wannan ba hukunci ba ne a kanka. Wataƙila kai kana da muryar, wataƙila kana da waƙoƙin, ban sani ba tunda ban taɓa zama na saurare ka yadda ya kamata ba. Amma ka tambayi kanka tsakani da Allah ko gaba kake so don a can aikinka zai fi kyau, ko don a gan ka. Buddy Guy ya yi wa mutane kiɗa a baya a wannan kamfani na Chess, ya fito gaba, kuma gaban ne wurinsa. Kowa da inda aka yi shi.

Girmamawa ta zo masa a makare, amma ta zo yana raye. Faifansa About Them Shoes, wanda abin mamaki yawancinsa waƙoƙin da aka san Muddy Waters da su ne, Keith Richards na Rolling Stones da Clapton da tsohon abokinsa James Cotton duk sun sa hannu a ciki. Clapton ya riƙa gayyatarsa bikin masu jita na Crossroads. A 2004 aka cire masa huhu ɗaya saboda ciwon daji, ya ci gaba da hawa dandali, daga baya har da robar iska a hanci, yana zaune a kujera yana kiɗa. An sa shi a zauren girmamawa na blues a 2008. Sau huɗu ana sa sunansa a takarar Grammy, bai taɓa ci ba. Mujallar Rolling Stone ta sa shi na 43 a jerin manyan masu jita 100 na duniya a 2011, kuma a Disambar wannan shekarar ya rasu a New Jersey yana da shekara 80. Mick Jagger da Keith Richards na Rolling Stones ne suka biya kuɗin jana'izarsa. Mutane na ba da wannan a matsayin labarin karamci, kuma karamcin ne, Allah Ya ga zuciyarsu. Ni dai in na tuna, tambayar da ke zo mini ita ce yaya aka yi mutumin da ya yi aiki kusan shekara 60 ya bar duniya ana neman mai biya masa wannan.

Don haka kada ka ɗauki haƙurinsa ka bar darasin takarda. In ka ɗora wa waƙa salo, kafin a shiga ɗaukar sauti ku zauna da maigidan naka ku yi magana, a rubuta, da shaida: nawa ne na zama, me za a sa a ƙasan bidiyo, in waƙar ta kawo kuɗi daga baya kana da kaso ko babu. Ka faɗa masa ido da ido, da ladabi, ba a intanet ba, ba kuma ta bakin abokai ba. Mai yiwuwa bai ma san abin ya dame ka ba. Yawancin masu tsayuwa a gaba ba mugunta ke sa su manta na baya ba, haske ne ke kashe musu ido. In ya ji ya gyara, ka samu maigida. In ya yi maka dariya, ka gama wasannin da ka yi alkawari, ka yi su da kyau kamar ba abin da ya faru, ka yi sallama ka fito. Abin da na roƙe ka kawai, kada ka taɓa rage hannunka a kan dandali don ka rama. Na gaya maka yadda wannan yake.

Ummanka ta ce in tuna maka maganin ƙirjinka yana aljihun gefe, kuma ka daina kwana da fanka a kai. Ƙanwarka na tambayar cajar da ka tafi da ita.

In ka samu sarari ka turo mini waƙar nan da ake rigima a kanta. Ka sa a rage muryar kaɗan in zai yiwu, jitar nake so in ji. Kunnena na hagu ya yi rauni amma na dama na nan, kuma aikin da na yi ke nan, in akwai gyara zan faɗa maka, ba zan ɓoye ba.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare.

Mahaifinka